Bankwanan Ja'afaru da Bizar Amurka

Duk wanda ya ba ku labarin tafiyar Ja'afaru Amurka, in dai ba ni ba ne, to ko ya rage ko ya ƙara gishiri. Rana ɗaya aka kore mu daga elementare ni da shi, saboda wani kwaɗo da ya tsinci kansa a aljihun malami, don haka babu mai sanin cikin Ja'afaru kamar ni a duk faɗin Haɗeja.

Abin ya faru 'yan shekaru kafin mulkin kai. Ja'afaru shi ne ɗan farin Iya Mairam. Ya ci gadon fadamar shinkafa mai kyau a bakin kogi, da gida mai zaure, da jaki. Yana da mata, 'Yar'azumi, da ƙane guda, Auta. Abin da ya fi ji da shi kuwa shi ne ɗan Turancin da ya tsira da shi daga makaranta, wanda in aka tara shi duka ba zai cika ludayi ba. Amma da shi yake gaisawa, da shi yake ciniki, da shi yake korar awaki.

Wata rana da yamma muna zaune a gindin tsamiya, sai ga Malam Tukur, malamin gona, a kan kekensa. Ya ce mutanen Amurka sun fito da wani tsari na musayar manoma. Za su ɗauki matashi mai gonar kansa, mai ɗan jin Turanci, ya je ya zauna da manomansu wasu 'yan watanni, ya ga nasu, ya nuna musu namu, sannan ya dawo. Baturen Gona ya duba ya duba, ya sa sunan Ja'afaru.

Ja'afaru ya miƙe tsaye a hankali, ya kakkaɓe riga.

"Na san za a rina," in ji shi. "Labarina ya kai musu."

"Tsaya ka ji ƙarshe," in ji Malam Tukur. "Ba a shiga ƙasarsu sai da biza, wato hatimin izini da za su buga maka a fasfo. Akwai mutuminsu da zai zo ya gan ka da idonsa. Kuma akwai sharaɗi babba, shi ne..."

"Malam Tukur, ni za ka karanta wa sharaɗi? Ni da su yarenmu ɗaya. In ya zo ka matsa gefe kawai, kada Turanci ya fantsamo maka a ido."

Malam Tukur ya buɗe baki zai ƙara, Ja'afaru ya riga ya kai bakin kasuwa yana shela. Washegari kuwa Malam Tukur ya fita rangadi ƙauyuka, sharaɗi ya tafi da shi a cikin baki.

To, kakan Ja'afaru yana cikin mutanen da suka tafi Makka a ƙafa. A wancan zamanin mai irin wannan tafiya bankwanan mutuwa yake yi: ya raba abin da ya mallaka, ya nemi gafarar kowa, ya mayar da iyali gidan iyayensu, don ba a san ranar dawowa ba. Har lokacinmu tsofaffi suna ba da labarin bankwanan tsohon nan. Wannan ne ya tsaya wa Ja'afaru a rai.

"Kakana iyakarsa Makka," ya ce mana. "Amurka kuwa sai ka wuce Makka, ka wuce inda rana take faɗuwa, sannan ka fara tambayar hanya. In shi ya raba awaki, ni me ya kamata in raba?"

Ni kuwa, da yake ba na son in ga aboki ya yi abin kunya, na ce masa gaskiya mai zuwa Amurka bai kamata ya bar ko tsintsiya ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara unguwa a ƙofar gidansa. Ya sayo tsohuwar kwat wajen kukun Bature, ya ɗora ta a kan riga, ga hular kwano, gumi yana bin gemunsa. Ya sa aka kira liman da mai unguwa su zama shaidu.

"Auta, matso. Fadamar nan da shinkafar da ke cikinta, na ba ka kyauta. Gidan nan ma naka ne."

Auta, yaro mai sanyin hali wanda ya gama elementarensa lafiya lau ba tare da kwaɗo ba, ya ce, "Yaya, ba aro ba? Ai za ka dawo."

"Aro? Mutumin da zai riƙa noma da mota ne zai dawo yana tsoma ƙafa a taɓo? Karɓi!"

Liman ya gyara zama. "Ja'afaru, ka san kyauta in an karɓa a gaban shaidu ta fita hannu ke nan?"

"Allah gafarta Malam, da saninta na yi."

Jaki ya ba Haruna mai fito. Babbar rigarsa ya cilla wa maroƙin unguwa. Da ya ga mutane suna ta kabbara, daɗi ya kwashe shi, ya sa aka ciro ƙyauren zaure ya ba wani maƙwabci, ya bi da tukwane, da turmi, da kajin 'Yar'azumi waɗanda ba ma nasa ba ne. 'Yar'azumi ta leƙo ta bayan zana.

"Malam, kajina ne fa!"

"Ke ma shirya kayanki. Gida za ki, hayin kogi. In na kafu a can, ƙila in aiko."

"Ƙila?"

"Ƙila. Ba na son alkawari da yawa."

Ta ɗaure kayanta tamau, ta shiga jirgin Haruna, ko waiwaye babu.

Iya Mairam kuwa tana zaune tana kaɗi. Kun san halin iyayenmu da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi, ko da ciki yana ƙuna. Tun da aka haifi Ja'afaru bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yafe mini, zan tafi bayan duniya."

Ta ci gaba da murza mazari. "Allah ya tsare. Kauce, ka tare mini haske. Autana, ka ci abinci kuwa?"

Maroƙi ya saka babbar riga ya bi gari da kirari: "Ja'afaru mai tafiya ba waiwaye! Ya sha ruwan Haɗeja na ƙarshe! Kogi, yi kuka, ɗanka ya fi ƙarfinka!" Yara suka ɗauka, mata masu daka suka ɗauka. Kafin mako ya zagayo, ko akuya ka taka a Haɗeja, da wannan waƙar za ta yi kuka.

Ana cikin haka Malam Tukur ya dawo daga rangadi. Ya jingine keke, ya dubi zaure ba ƙyaure, ya dubi turken jaki ba jaki.

"Ɓarayi ne?"

"Bankwana ne," in ji Ja'afaru, yana kishingiɗe a kan buzun aro. "Irin na manya."

Da aka zayyana masa abin da aka yi, Malam Tukur ya cire hula ya riƙe kai da hannu biyu.

"Innalillahi! Ja'afaru, sharaɗin da ka hana ni faɗa ke nan. Bizar nan ta masu zuwa su dawo ce. Ba sa buga wa mutum ita sai sun tabbata yana da abin da zai jawo shi gida: gona, gida, iyali. Abin da Baturen zai zo dubawa ke nan. Jibi jirgin ƙasa zai sauke shi a Malam Madori, mota ta kawo shi nan."

Ja'afaru ya tashi zaune. Ya buɗe baki, Turanci ya ƙi fitowa, Hausa ma ta ƙi.

"Wane irin mutane ne waɗannan?" ya ce da ƙyar. "Ka gayyaci baƙo, tun bai zo ba kana tambayar ranar tafiyarsa?"

Amma Ja'afaru ba ya faɗuwa ƙasa warwas. Nan take ya ce abu mai sauƙi ne, duk abin da ya bayar zai aro shi na yini guda. Auta ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, amma zai yi shiru. Maƙwabci ya ce ƙyaure ya riga ya kafa shi a ɗakin amaryar ɗansa, sai dai Ja'afaru ya rataya tabarma. Haruna ya ce jaki ya bayar aro, amma a sani ya saba da gidansa yanzu, don dusar can ta fi.

Saura 'Yar'azumi. Damina ta yi nisa, kogi ya cika ya batse, ga jirgin Haruna ya tafi kai buhuna. Masunta suka ce ya jira. Ja'afaru ya ce mai shirin ƙetare teku ba ya jiran kwalekwale. Ya karɓi gora, irin babbar nan da masunta suke kifa ciki a kai su yi iyo, ya ɗaure kwat a ka, ya faɗa ruwa. Bai taɓa hawa ba. Gora ta juya, ya koma ƙasa ita ta koma sama. Ya hau, ta sake juyawa. Haka suka yi ta musayar wuri shi da gora, har ruwa ya kai su cikin wata komar masunta. Aka jawo shi tare da tarwaɗa, hular kwano kuwa ta bi ruwa ta wuce garin Guri ita kaɗai.

A haka ya isa gidan surukai, yana ɗiga. 'Yar'azumi ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Har an dawo daga Amurkar? Ashe ruwa ake yi a can."

"Ki taimake ni. Yini ɗaya kawai. Ki zo ki zauna a ɗakinki, Bature ya ga ina da iyali."

"Ƙila," in ji ta.

"Haba, 'Yar'azumi!"

"Ba na son alkawari da yawa, Malam."

Sai da ya rantse zai nemo mata kajinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yafa mayafi.

Ranar da aka sa, mota ta tsaya a ƙofar gida. Baturen Amurka ya fito, dogo ne har sai da ya sunkuya a zaure, nan take yara suka sa masa suna Dogo. Tare da shi akwai Baturen Gona, wanda yake jin Hausa kamar jakin Kano, don haka Malam Tukur da ke tafinta ba shi da damar gyara ko kalma ɗaya. Unguwa kuwa ta cika maƙil, har kan katanga.

Ja'afaru ya fito cikin kwat da ta motse, hannayenta sun tsaya a gwiwar hannu, tana warin kifi. Ya ƙame ya sara.

"Gud monin sa! Welkom sa! Ayam Ja'afaru sa!"

Dogo ya yi murmushi ya miƙa masa hannu, sannan ya saki wani dogon zance ta hanci. Ja'afaru ya karkata kai, ya ce "Yas sa." Dogo ya ƙara. Ya ce "Yas sa." Malam Tukur ya matso ya raɗa masa, "Tambayarka yake shekarunka nawa."

"Na ji ai! Turancin nasa ne na ƙauye. Fassara kawai, don jama'a su amfana."

Aka fara da gida. Dogo ya tambaya ko nasa ne. Ja'afaru ya ce tun kaka da kakanni. Dogo ya taɓa tabarmar da ke rataye, ya tambayi ina ƙofa. Ja'afaru ya ce ai mu nan saboda aminci ba ma sa ƙyaure. Daga kan katanga maƙwabci ya ɗaga murya, don a san shi mai godiya ne: "Yana wurina, ranka ya daɗe! Kyauta ya ba ni, Allah ya saka masa! Ya ce shi da ƙyauren Haɗeja har abada!" Malam Tukur ya fassara. Dogo ya ɗaga gira.

Aka zo kan jaki. Ja'afaru ya dafa shi yana cewa wannan tare suka tashi, ba ya iya kwana bai gan shi ba. Jaki ya ji muryar Haruna a cikin taro, ya fizge igiya, ya bi ta tsakanin ƙafafun Baturen Gona, ya tafi wajen mai dusa.

Aka gangara fadama, gari duka a biye. Shinkafa ta yi kore shar. Dogo ya ji daɗi ƙwarai, ya tambayi ta wace ce. Ja'afaru ya bugi ƙirji. Auta ya sunkuyar da kai ya yi shiru kamar yadda ya yi alkawari. Sai Dogo ya juya wajen liman, da yake ya ga dattijo mai rawani, ya nemi ya tabbatar.

Liman ya yi gyaran murya. "Ni dai abin da na shaida, ranar Juma'a ta zama ta Auta. In an sake wata kyautar bayan nan, ba a kira ni ba."

"Allah gafarta Malam," in ji Ja'afaru a hankali, "ba a tambaye ka tarihi ba."

Daidai nan maroƙi ya iso, cikin babbar riga, ya ga Turawa biyu ya ce yau ranar samu ce. Ya buɗe maƙogwaro: "Ja'afaru mai tafiya ba waiwaye! Ya sha ruwan Haɗeja na ƙarshe!" Yara suka amsa, mata suka rangaɗa guɗa. Ja'afaru yana ta yi masa alama da hannu ya bari, shi kuwa ya ɗauka cewa ake ya ƙara. Dogo har yana kaɗa kai saboda daɗin waƙar, sai ya tambayi ma'anarta. Baturen Gona da kansa ya fassara masa, yana cije leɓe. Kan Dogo ya daina kaɗawa.

"Ina da mata!" Ja'afaru ya yi ihu. "Waif, sa! A koma gida a gani!"

Aka koma. 'Yar'azumi ta fito bakin ƙofa a lulluɓe. Dogo ya gaishe ta da ladabi, ya ce tambaya ɗaya ce: ta faɗi sunan mijinta.

Wace 'yar mutunci ce za ta kama sunan miji a gaban surukarta da rabin gari? 'Yar'azumi ta ja mayafi ta rufe baki.

"Faɗi mana!" in ji Ja'afaru. "Yau ɗaya na yafe!"

"Ni? A gaban Iya? Allah ya kiyaye. Ban taɓa ba, ba kuma zan fara don Bature ba."

Dogo ya tambaya ko a gidan nan take zaune. Ta ce, "Jiya dai aka ɗauko ni. An ce yini ɗaya."

Gumi ya jiƙe kwat. Ja'afaru ya waiga hagu ya waiga dama, sai idonsa ya faɗa kan Iya Mairam a gindin rumbu, tana kaɗinta. Ya yi tsalle.

"Ga uwata! Moda, sa! Wa zai bar uwarsa ya zauna a wata ƙasa? A tambaye ta!"

Dogo ya cire hula ya russuna a gabanta. Malam Tukur ya ce, "Iya, wai wannan ɗanki ne?"

Iya ta kau da kai. A gaban wannan taro a ce ta amsa ɗan fari? "Ɗan mutane ne dai. A gidan nan na gan shi."

"Iya!" in ji Ja'afaru.

Malam Tukur ya ci gaba: "Wai in ya tafi, za ki so ya dawo?"

Mazari ya ɗan tsaya a hannunta, mu da muka san ta mun gani. Amma ta murza shi ya ci gaba. "Ni ina ruwana? Ya tafi, ya zauna, duk ɗaya. Tuwo ma ya ishe mu."

Tsofaffin mata suka gyaɗa kai, suna yaba kunyarta. Dogo kuwa ya dubi Ja'afaru da tausayi, irin kallon da ake yi wa maraya. Ya yi magana da Baturen Gona ƙasa-ƙasa, sannan ya nuna Auta, ya tambaye shi wani abu kai tsaye. Auta ya amsa da Turanci, a hankali, ba sara ba ƙamewa. Dogo ya ce, to wannan mai gonar da gidan, ko zai so ya je?

Kafin Malam Tukur ya rufe baki, Iya ta yi jifa da mazari ta miƙe.

"Wa? Autana? Ba inda za shi! Ku kashe ni tukuna! Wa zai ba shi fura a can? Auta, zo nan, shiga bayana!" Ta riƙe masa riga tana kuka, tana jan sa ɗaki.

Dogo ya yi dariya har da tafa hannu, ya faɗi wata gajeriyar magana. Ja'afaru ya ja hannun Malam Tukur. "Me ya ce?"

"Ba ka ce yarenku ɗaya ba? Ya ce wannan ko an ɗaure shi a Amurka sai ya tsinke ya dawo. Shi za a buga wa biza."

Aka yi ta lallashin Iya har kaka ta gabato, sai da liman ya sa baki ta yarda. Ranar tafiya muka raka Auta tashar Malam Madori. Bai raba wa kowa ko allura ba. Ya dai kira liman gefe, ya kira yayansa.

"Yaya, ga fadama ka kula mini da ita, shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen jan-baki sun yi yawa bana. Ɗakin zaure ma ka zauna a ciki." Ya juya wajen liman. "Allah gafarta Malam, a shaida: aro ne."

"Na shaida," in ji liman. "Aro."

Iya ta share hawaye, ta miƙo mini ƙullin ƙosai, ta nuna Ja'afaru da haɓa ba tare da ta dube shi ba. "Ungo, a ba wancan. Tun safe bai ci komai ba."

Duk kakar nan, in ka bi ta bakin kogi, za ka hango mutum a kan dakali tsakiyar shinkafa, cikin kwat mai gajeren hannu, yana kaɗa gwangwani yana yi wa tsuntsaye tsawa: "Get awut! Get awut!" Na tsaya wata rana na ce, "Ja'afaru, yaya Amurka?"

Ya dube ni a wulaƙance. "Kai ba ka san komai ba. Musaya aka ce, ko ba haka ba? To ni na tsara abina. Na tura yaro ya fara share mini hanya."

Daga bayansa 'Yar'azumi ta ajiye ƙwaryar fura ta ce, "Malam, in ka gama da Turawan naka masu fiffike, saura kaza guda ba ka dawo mini da ita ba."

Nan na bar su, don in na ƙara ko kalma ɗaya za ku ce ƙarya nake.